Kusa da Wa Za a Ajiye Ka

Ranar Asabar ta ƙarshe, Noreen ta iso gidan iyayenta da ƙarfe bakwai da kwata na safe. Mahaifinta, Harold Benko, ya riƙe lokacin domin shi mutum ne mai duba agogo. Shekara talatin da huɗu ya yi yana auna tsabtar ruwan sha a garin Erie, kuma ritaya ba ta raba shi da halin ba. Ta shigo ta ƙofar kicin tana kakkaɓe ƙanƙara daga takalmanta, ta ɗauki gasasshen burodin da ke gabansa ta gatsa.

"Nawa ne fa wannan," in ji shi.

"Da can naka ne, Farfesa. Sa rigar sanyi mu tafi, kafin tsofaffin nan su kwashe komai."

Ƙarfe takwas suna zauren 'yan kwana-kwana, inda masu sayar da tsofaffin katunan 'yan wasan besbol suke baje kaya sau ɗaya a wata. Harold ba ya tara kati. Yakan raka ta ne saboda Loretta, matarsa, ta ce zaman gida zai kashe shi. Noreen ta wuce akwatunan gilashi inda aka kulle katunan shahararru, ko kallonsu ba ta yi ba, ta nufi teburin Duane Kessler, wani ƙaton mutum mai shagon kati a bayan tashar mota.

"Ga mai tonon bola ta iso," in ji Duane. "Mista Benko, kai ka yi jami'a, ba za ka iya koya wa 'yarka sayen abin kirki ba?"

"Duane, tumbin ne ya ƙaru ko teburin ne ya matse?" Ta durƙusa ta jawo kwalin da ke ƙarƙashin teburin, inda yake zuba katunan da ba wanda yake tambaya.

Ƙarfe goma da rabi ta ɗago daga kwali na huɗu da kati ɗaya a hannu, gefensa ya lanƙwashe. Wani saurayi ne mai manyan kunnuwa, Elwood Stamper, mai jifar ƙwallo, katin shekarar 1959. Ta juya bayansa ta nuna wa mahaifinta layi ɗaya tak na lambobi.

"Wasa biyu kawai ya yi a babbar gasa. Yana nan da rai, Baba, yana sayar da zuma a Kentucky."

"To, sai me?"

"Sai in rubuta masa."

Ƙarfe sha biyu suka ci kifi da dankali a wani ɗan gidan abinci na bakin tafki. Ta ba shi labarin wata tsohuwa a wurin aikinta da ke ɓoye cokula a cikin safa. Ƙarfe biyu ya jira a mota, ita kuma ta shiga gidan waya, ta daɗe a ciki. Ƙarfe huɗu ta zaunar da uwarta a kicin ta rage mata gashi, suna gardama a kan ko gefen hagu ya fi tsawo. Shida saura minti goma ta ɗauki jakarta. Loretta ta ƙunsa mata sauran miyar kabeji. Harold yana karanta jarida, ya ɗaga hannu bai ɗago kai ba.

Washegari Lahadi, da ƙarfe goma da 'yan mintoci, tana canza zanen gado a gidan kula da tsofaffin da take aiki, ta ce kanta na ciwo, ta zauna a ƙasa. Jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta. Kafin iyayenta su fito daga coci an gama. Shekarunta talatin da tara.

Ita kaɗai suka haifa. Tun tana ƙarama ba ta da gaggawa, kuma ba ta damu da zuwa na ɗaya ba. Ta shiga jami'a ta yi shekara biyu, sannan ta dawo gida ta ce ita wankan tsofaffi da ba su abinci ya fi mata. Harold bai yi faɗa ba. Shiru ya yi na wata uku, kuma ta gane shirun. Ta taɓa zama da wani mai gyaran rufin gida na 'yan shekaru, suka rabu ba tashin hankali. Katin farko kuwa tana 'yar shekara tara ta tsince shi a ɗakin ƙasa na gidan kakarta, cikin tarkacen wani kawunta. Daga nan ba ta daina ba. Abin da Harold bai taɓa ganewa ba shi ne irin waɗanda take nema: masu kwana goma sha tara a babbar gasa, masu shekara goma sha ɗaya suna yawo a ƙananan kulob cikin motar haya, waɗanda kafaɗa ta ci amanarsu suna da shekara ashirin da huɗu suka koma tuƙin babbar mota. Ya san tana aika musu katunan ta gidan waya su sa hannu su dawo mata da su, kamar yadda masu wannan harka suke yi, da ambulan na biyu a ciki mai ɗauke da adireshinta da kan sarki. Iyakar abin da ya sani ke nan. Bai tambaya ba.

Mako uku bayan jana'iza suka kwashe ɗakinta. Katunan suna cikin dogayen kwalaye uku a ƙarƙashin gado. Harold ya ɗora su a teburin cin abinci, ya buɗe na farko.

Kati ɗari uku da 'yan kai ne, kowanne cikin rigar leda. Ya duba goma na farko, ya ji ransa ya sosu. Na 1952 yana jingine da na 1967. Masu jifa da masu bugu a cakuɗe, kulob-kulob a cakuɗe. Wasu da sa hannu, wasu babu. Tsakanin katunan kuma an cusa ƙananan takardu, kowace da suna ɗaya a rubuce, rubutun kowa daban. Ya ce a ransa haka take tun tana yarinya, komai a watse, kuma ko yanzu akwai abin da zai iya yi mata.

Kwana huɗu ya yi yana aikin. Ya jera su shekara-shekara, cikin kowace shekara kuma ya bi lambar da ke bayan katin. Ƙananan takardun ya zare su duka, guda ɗari da saba'in da ɗaya, ya haɗa ya ɗaure da roba. Da ya gama ya kira Loretta ta gani. Ta tsaya a bakin ƙofa da tawul a hannu ta ce ya yi kyau, ta koma kicin. Shi kuwa a waɗannan kwana huɗun ne kawai ya ci abinci sosai tun rasuwar.

Ranar da ya yi niyyar buɗe kwali na biyu, mai kai wasiƙu ya kawo wata ambulan da aka juyo daga tsohon adireshinta. Sunanta ne a kai, da rubutun hannunta. Harold ya daɗe tsaye a baranda kafin ya iya buɗewa.

Katin mai manyan kunnuwa ne a ciki, da sa hannu mai rawa. Tsohon ya dawo da wasiƙar Noreen ɗin ma. Gajeriya ce. Bayan gaisuwa da roƙon sa hannu, ta rubuta:

"Tambaya ɗaya nake yi wa kowa. Katinka zai zauna a kwali tare da na wasu, watakila shekaru masu yawa. Kusa da wa kake so a ajiye ka? Ka rubuta sunansa a 'yar takardar nan, ni zan nemo katinsa ko yana raye ko ya rasu."

A 'yar takardar an rubuta: Virgil Maddern. A ƙasan wasiƙar kuma tsohon ya ƙara layi biyu: "Shi ne ya cafe min ƙwallo a wasan farko. Ya zo ya ce in daina kallon 'yan kallo, ba wanda ya zo domina."

Harold ya shiga ciki ya dubi kwalin da ya gyara. Ya dubi ƙunshin takardun da ke ɗaure da roba. Ya ɗauki makullin mota.

Duane yana cin gyaɗa a bayan kanta. Ya miƙe da ya ga wanda ya shigo, ya goge hannu a wando.

"Mista Benko. Yaya gida? Yaya Misis Benko?"

"Na gyara kwalinta na farko."

"Ka gyara kamar yaya?"

"Shekara-shekara. Da lamba."

Duane ya koma ya zauna a hankali. "Takardun tsakani fa?"

"Suna nan. Na haɗa su wuri ɗaya."

"A jere yadda ka zare su?"

"A'a."

Duane ya shafa fuska da hannu biyu. "Shekara goma sha shida take wannan aikin. Kowa a zauren 'yan kwana-kwana ya sani. Mu har tsokanarta muke yi, muna ce mata mai haɗa aure. Wani lokacin sai ta yi shekara biyu tana neman katin mutum ɗaya, wanda ni ko kyauta ba zan ɗauka ba, don wani tsoho a Nebraska ya ambace shi." Ya dubi Harold. "Ba ta taɓa faɗa maka ba?"

"Ban tambaye ta ba."

"To, ai ba laifinka ba ne. Kowa ya buɗe haka zai yi. Ni ma da haka zan yi."

"Kai ka sani. Da ba ka yi ba."

Duane bai musa ba. Ya tura masa gwangwanin gyaɗa, Harold ya girgiza kai.

A hanyar komawa gida ya tsara abin a ransa yadda ya saba tsara aiki. Kowace takarda tana ɗauke da sunan wanda aka zaɓa. Abin da ya ɓata shi ne wanda ya yi zaɓin. Amma wanda ya rubuta takardar shi ne ya sa hannu a katinsa, da alƙalami ɗaya, a zama ɗaya. Idan aka gwada rubutu da rubutu, za a iya mayar da kowa kusa da nasa.

Ya fara a farkon watan Mayu. Ya shimfiɗa katunan masu sa hannu a kan teburin, layi-layi, ya sayo gilashin ƙara girman rubutu. Kullum bayan karin kumallo sai ya ɗauki takarda ɗaya ya bi layukan da ita. Arba'in na farko ba su ba shi wahala ba: wani ya yi da koren alƙalami, wani yana ja wa harafin ƙarshe dogon wutsiya, wani yana danna alƙalami har ya kusa huda takarda. Daga nan aikin ya yi nauyi. Mutanen nan duk tsara ɗaya ne, rubutu iri ɗaya aka koya musu a makaranta, kuma tsufa ya sa hannuwansu rawa iri ɗaya. Akwai ranar da zai yini bai haɗa ko mutum biyu ba. Idanunsa suka riƙa ruwa. Shi da Loretta suka koma cin abinci a kicin a tsaye.

Yana haɗawa yana karanta bayan katunan, domin wani lokacin lambobin suna taimakawa. Wannan da wancan sun yi kulob ɗaya a 1956. Wannan ya daina a shekarar da wancan ya fara. Akwai 'yan'uwa biyu da ba su zaɓi juna ba. Akwai wani mai cafe ƙwallo, wanda bai taɓa yin abin a zo a gani ba, da mutum biyar suka rubuta sunansa, kuma sai a lokacin Harold ya gane dalilin da ya sa ya tarar da katinsa har guda biyar, abin da ya ɗauka sakaci ne.

Wata rana a watan Yuli Loretta ta zo ta tsaya a bayansa. Ta ɗauki takardar da ya yi kwana uku yana fama da ita.

"Wannan ai rubutun mace ne."

"Ba mace a cikinsu."

"Matarsa ce ta rubuta masa, Harold. Ko 'yarsa. Shi ya daure ya sa hannu, ya gaji, ya ce ke rubuta." Ta tona cikin sauran ta ware guda goma sha huɗu. "Waɗannan duk haka ne. Ko shekara za ka yi ba za ka same su ba."

Ya cire tabarau ya ajiye.

"Ina son teburina," in ji ta. Ba da faɗa ta faɗa ba. "Na gaji da ganinsu duk sanda na wuce. Ni ma 'yata ce."

"Ba zan iya barinsu haka ba. Ni na ɓata."

"Na sani. To ka tambaye su mana. Ai wasu na nan da rai."

Littafin adireshin Noreen yana cikin jakarta. Da taimakon Duane ya gano cewa mutum arba'in da huɗu daga waɗanda suka rage ba a ji labarin rasuwarsu ba. Ya rubuta wa kowa wasiƙa iri ɗaya, ya sa ambulan ta dawowa da kan sarki. Ya ce shi mahaifin Noreen Benko ne, takardunta sun cakuɗe, yana roƙon a sake faɗa masa sunan da aka ba ta. Bai rubuta cewa ta rasu ba. Ya gwada sau uku, hannunsa ya ƙi.

Amsa goma sha biyu suka zo. Bakwai da suna. Uku daga iyali ne, suna cewa Baba ya rasu bara, ko Baba ba ya gane kowa yanzu. Ɗaya ya aiko da sa hannu kawai a kan wasiƙar, da alama bai karanta ba. Ta ƙarshe daga wani Merle Ostrander ce, mai shekara casa'in da ɗaya, kalma kaɗan: "Na riga na faɗa wa yarinyar. Ka tambaye ta."

Loretta ce ta rubuta masa amsa, a tsaye a kicin, layi uku, ta faɗa masa Noreen ta rasu. Bayan kwana shida wayar gida ta yi ƙara da hantsi, Harold ya ɗauka.

"Kai ne uban?" Muryar tana da ƙarfi, irin ta wanda kunnensa ya yi nauyi. "Ostrander ne. Ban sani ba. Da na sani da ban yi maka rashin kunya ba."

"Ba komai, Mista Ostrander."

"Lyle Brandvold. Rubuta. Shi na ce mata."

Harold ya jawo takardun. Sunan yana cikin masu rubutun mace. "Abokinka ne?"

"Aboki? Ɗan banza ne. Shi ya karɓe min wuri. Na karye a yatsa, aka ce in huta mako biyu, aka kawo shi daga ƙauye da akwatin kwali. Ban sake sa rigar kulob ɗin ba. Na yi shekara arba'in ina sayar da taya, shi kuma ya yi shekara shida yana wasa, kuma wallahi bai fi ni ba." Tsohon ya yi tari. "Ya rubuto min sau biyu ban amsa ba. Sai ya je ya mutu. Da 'yarka ta tambaya, na yi mako guda ina tunani. Na ce to, ko a takarda ne a zaunar da mu."

"Zan mayar da ku."

"Ta kira ni bayan ta samo katinsa, ka sani? Ta ce ya fi ni kyau a hoto. Yarinya mai baki." Harold yana jin numfashinsa a wayar. "Kai me kake yi? Aikinka?"

"Ruwa nake aunawa. Da."

"To. Ka riƙe kanka."

Harold ya je teburi ya nemo Ostrander a 1954, Brandvold a 1957, ya sa takardar a tsakaninsu. Ya zauna bai ɗauki wata ba sai washegari.

A ƙarshen Satumba ya tsaya. Ɗari da talatin da tara sun koma wurinsu. Takarda talatin da biyu suka rage, masu su sun rasu ko sun yi shiru, kuma rubutun ya ƙi faɗin komai. Ya ƙara mako biyu a kansu bai samu ko ɗaya ba. Wata safiya ya fito ya tarar Loretta ta ajiye kofinsa na kofi a kan teburin, a ɗan filin da ya buɗe tsakanin katunan, sai ya gane lokaci ya yi.

Kayan sawarta an kai coci, ban da wata rigar sanyi mai ruwan toka da Loretta ta riƙe. Motar an ba ɗiyar ƙanwar Loretta da ke koyon aikin jinya. Gado da kujeru biyu sun tafi gidan wata abokiyar aikinta. Tukwanen sun dawo inda suka fito, domin yawancinsu dama na Loretta ne. Kwali na uku, na katunan da ba ta kai ga aikawa ba, Harold ya kai wa Duane, shi kuma ya mayar da su ƙarƙashin teburinsa. Kwali na biyu bai zare ko kati ɗaya daga ciki ba. Ya bi rigunan ledar ɗaya bayan ɗaya yana liƙa musu lamba daga farko har ƙarshe, don ko ya zube a hannun wani a iya mayarwa. Haka ya yi wa na farkon ma, har zuwa inda aikinsa ya tsaya.

Sauran katunan da ba su samu kowa ba suna baje a ƙarshen teburin. Ya kai hannu zai jera su.

"Kada ka bi shekara," in ji Loretta.

"To me zan bi?"

Ta tattara su da hannu biyu yadda suke, ta daidaita gefensu a kan teburi, ta saka su a bayan kwalin. Takardu talatin da biyun ta zuba a ambulan ta cusa a bayansu. Harold ya rufe murfin, ya ɗauki kwalayen biyu ya kai saman kabad ɗin ɗakin baƙi, inda danshi ba ya kaiwa. Loretta ta kawo tsumma ta goge teburin.